Zogalen da Inna ta shanya a inuwa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a Damagaram, aikin da na zaɓa shi ne haɗa ƙwayoyin wani sinadari mai suna seleniyom, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu. Hanya biyu aka koya mana. Ko a zuba bitamin C cikin ruwan gishirin seleniyom, nan da nan ya yi ja kamar jar ƙasa, ko a jiƙa ganye a ruwan zafi, a tace, a zuba ruwan ganyen a jira. Ni da taurin kaina na ɗauki ta biyun, na ce da zogalen gidanmu na Guci zan yi. In ruwan bai yi ja ba, babu diploma.

Na yi wa Inna waya, ta aiko da buhu guda a taksin Magariya. Sati uku ina motsa ruwa a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, ko gezau. Sai da na tauna ganyen na gane. Ta dafa shi da kanwa, ta tsiyaye, sannan ta shanya, yadda ake yi in za a yi kwaɗo. Abin da nake nema duk ya bi ruwan da ta zubar a bayan ɗaki.

Raina ya ɓaci, na kira ta.

"Inna, wa ya ce ki dahwa shi? Kin ɓata mani aiki!"

Ta ce, "Na ga ba ki da lokacin hura wuta ne, 'yar nan. Na zaci ci za ki yi."

Ban ba ta haƙuri ba. Cewa na yi ta tsinko ɗanye, ta shanya a inuwa, kada rana ta taɓa shi, na kashe wayar. Ban san tana fama da zazzaɓi ba. Daga baya ƙanwarta ta gaya mini cewa a ɗakin kwananta Inna ta baza shi bisa zanenta na sallar Idi, tana tashi tana juya shi, tana korar kaji.

Buhu na biyu ya iso ranar Talata. Ranar Alhamis aka kira ni gida, kafin in sauka a tasha an kai ta makwancinta.

Bayan sadakar bakwai na koma labo, na jiƙa ganyen, na tace, na zuba. Kafin la'asar ruwan ya fara juyawa, ya yi ja sosai. Abokan karatuna suna ta murna. Ni kuwa na ciro waya don in gaya mata, har na danna lambarta, sannan na tuna. Har yau maganata ta ƙarshe da ita umarni ce, kuma ta cika shi.