Ranar da Na Dafa Alƙur'ani Saboda Keken Ɗinki

Wata biyu ke nan da yin abin, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da na gama makarantar 'yan mata, wani ɗan kwangila mai ɗinka wa masinjojin ofis kaki ya ba ni aikin aljihu da ramin maɓalli. Muka rubuta takarda: wata shida, a shagonsa na bakin kasuwa, da kekena, ya biya ni a kan kowace riga. Keken na marigayi babana ne, shi kaɗai ya bar mana ni da Inna. A wata na uku na taho daga unguwarmu Kurmin Mashi da safe, na tarar an sa wa ƙofar shagon kwaɗo. Ashe ɗan kwangilar ya sami teloli masu araha, ya ce aikina ya ƙare. Keke kuwa ya riƙe, wai ni ce na gudu na bar masa ɗinki a hannu.

Ofishin leba, wato na ƙwadago, na fara zuwa. Akawun ya karanta takardar sau biyu, ya yaba Turancina, sannan ya ce ni ba ma'aikaciyar kowa ba ce, jinga na ɗauka, ba ruwansu da jinga. Ko in nemi lauya, ko in je gun alƙali. Kuɗin lauya ya fi keken, saboda haka Baffa, ƙanin babana, ya raka ni gaban alƙali.

Alƙali ya nemi shaidu. Waɗanda suka ga an rufe mini ƙofa telolin ɗan kwangilar ne, a hannunsa suke ci, babu wanda ya zo. Sai rantsuwa ta hau kansa. Ya gyara babbar riga, ya ce shi ba zai dafa Littafi a kan tsohon ƙarfe ba, ya mayar mini da rantsuwar. Yana murmushi, don ya san mutanenmu. Ko kana da gaskiya ba ka rantsuwa, cewa ake wanda ya dafa ba ya gama shekara lafiya.

Baffa ya sunkuyo. "Ke 'yar nan, bar shi da Allah, mu tafi."

Na dubi alƙali. Na ce, "Allah gafarta malam, a ba ni buta."

Na yi alwala a bayan kotu, rabin ruwan a ƙasa ya zube. Na dafa, na rantse ban gudu ba, shi ya kore ni. Muryata ko ni da kyar na ji ta, alƙali ya sa na maimaita, na maimaita. Ya ce a fito mini da kekena kafin la'asar. Sauran watanni uku kuwa ya ce babu lada a kan rigar da ba a ɗinka ba. Wannan ban yarda da shi ba har gobe.

Tun daga ranar matan unguwa suka daina kawo ɗinki, suna jira su ga abin da zai same ni. Makon jiya zazzaɓi ya kama ni, Inna ta hana ni leƙa ƙofa don kada a ji. Ni ma na tsorata, ba zan ɓoye ba. Amma rana ta uku na jawo keken tsakar gida, dab da katanga, na sa tsohon zanen Inna ƙarƙashin allura na yi ta taka keken har azahar, don duk mai kasa kunne ta ji ina nan.