Cittar Mama ta ruɓe a hannunta

Ina ɗakin bincike a ƙasar Turawa, Mama ta kira ni ta bidiyo daga gonarmu ta Kachia. Ko gaisuwa babu. Ta ɗaga citta ta matsa, sai ga ruwa kamar ruɓaɓɓen tumatir.

"Dokta na, wane magani zan saya?"

Na san cutar nan. A ƙasa take zama, kuma da wuya irin da Mama ta ajiye ya tsira.

Na ce, "Mama, ni fa ciyawar da ake yin man mota da ita nake bincike."

Ta ce, "To in citta ya ƙare, ana cin ciyawan naka?"

Ba gatse ba ne, da gaske take tambaya. Ban ga laifin Turawa ba, matsalarsu suka ɗauke ni in warware. Amma gonar nan ce ta kai ni jami'a, ita ke ciyar da gidanmu.

Na roƙe ta kada ta shuka irin nan. Ta ce ba ta da wani.

Mutanen Gwantu da Kafanchan, ku gaya min gaskiya: cittarku ma haka take?