Ragon Fannami da Ƙofar Mota

Duk wanda ya san Gure a shekarun dubu da ɗari tara da talatin da 'yan kai ya san Fannami mai garka, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan da ke zaune a bakin gari, wajen hanyar Gidigir, wanda aka laƙaba wa Mai Mato alhali ko jaki bai mallaka ba. Garkarsa tana cikin kwari, ƙarƙashin tudun rairayi: 'yan dabinai, albasa, barkono, da wata gajeriyar rijiya. Matarsa Yakura ta rasu. 'Yarsa guda, Kellu, tana aure a Bune, sai a bakin 'yan kasuwa yake jin labarinta. Gida ya rage daga shi sai wani farin rago mai baƙin kai, wanda ya saya don layya ya kasa yankawa. Shi yake tuƙa tuwonsa, ya ci a tsaye a bakin murhu, don zama gaban akushi shi kaɗai yana sa masa ƙunci har abincin ya ƙi wucewa.

A lokacin mota ba ta zama gama-gari ba, in ɗaya ta ratsa gari sai a yi mako ana zancenta. Wata bazara wata 'yar motar kaya, shuɗiya mai sheƙi, ta wani kamfanin fatu na Damagaram, ta zo daidai dangar Fannami ta yi tari ta mutu. Direbanta Lawali ne, saurayi ɗan Damagaram, mai faɗin baki da yawan dariya. Ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya zage ta, ya lallashe ta, ta ƙi tashi. Fannami ya kai masa ruwa. Da ya ga rana ta yi, ya kai masa tuwo a 'yar ƙwarya, ya juya zai tafi.

Lawali ya ce, "Baba, ina za ka? Ni ban iya ci ni kaɗai ba. Zauna mana."

Ranar Fannami ya sauko da babban akushin Yakura daga rataye, ya wanke masa ƙura. Kwanakin da Lawali ya yi a gidan, tare suke sa hannu. Yaron yana ba da labarin hanyar Kano, da yadda raƙuma ke watsewa in sun ji hon, tsoho kuwa yana dariya har maƙwabta na leƙowa ta danga su ga ko lafiya.

Da gyara ya gagara, Lawali ya kwance wani ƙarfe daga cikin inji, wanda shi yake ce wa moter, ya naɗe a tsumma, ya bi ayarin raƙuma mai zuwa Damagaram. Da zai tafi ya ce, "Baba, ga amana. Kada a hau mini mato, kada akuya ta ci kujera. Zan kawo ƙarfen moter in dawo. Kuma in na dawo, tuwon nan naka da miyar kuka nake so."

Fannami ya riƙe maganar duka, amma ta ƙarshen ya fi riƙewa.

Ɓarnar da ta zo, daga cikin gida ta fito. Ƙofar wajen direba tana sheƙi kamar madubi, kuma wata safiya ragon ya zo wucewa ya ga wani rago a ciki. Ya tsaya. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya taho a guje. Daga cikin kwari Fannami ya jiyo ƙara, ya sake jiyo wata. Kafin ya hauro tudu ƙofa ta lotsa, lotsawar da za ta ɗauki ƙwaryar fura, fenti ya ɓare ya zube a rairayi. Bai taɓa dukan ragon nan ba sai ranar.

Yana haki ya ce, "Wane rago ka gani a nan, kai sakarai? Da wane ido zan dubi yaron nan?"

Abin da ya tsaya masa a rai ke nan. Yana ganin in Lawali ya dawo ya tarar an ci amanarsa, ko ruwan gidan ba zai sha ba, balle ya zauna ga akushi.

Ya ɓalle katakon da ke cikin ƙofar, ya jingina buhun rairayi ta waje, ya ɗauko taɓaryar Yakura ya dinga bugawa a hankali daga ciki. Lotsawa ta fito, ta bar 'yan ƙuraje nan da can. Ƙarfen da ya tsiraita ya fara tsatsa, ya goge shi da rairayi mai laushi da ruwan tsamiya har ya yi fari. Saura fenti. Ya yi tambaya a kasuwa, aka ce sai kantin Damagaram, kuma gwangwani guda zai cinye rago da igiyarsa. Masu ba da shawara ba su taɓa ƙaranci a Gure ba, suka ce to ai mai laifin ne ya kamata ya biya. Ranar kasuwa Fannami ya sa wa ragon igiya ya ja shi. Sun kusa isa inda ake cinikin dabbobi ragon ya goga kansa a cinyarsa, kamar yadda ya saba in yana son dusa. Fannami ya tsaya, ya yi kamar ya manta wani abu a gida, suka juyo tare.

Sai ya nufi marina wajen Ɗan Kasuwa marini, da kwandon albasa a ka. Ɗan Kasuwa ya saurare shi, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba Fannami, mun rina zane, mun rina rawani, yau kuma mato za mu tsoma a karofi? Ɗauki shuni, Allah ya ba da sa'a. In ta yi kyau ka kawo ta mu buga mata sheƙi."

Da farko ya kwaɓa shunin da ƙaro, ya shafa da gashin kaza. Ya yi kyau ƙwarai, har Fannami ya ja da baya yana murmushi shi kaɗai. Ruwan farko na damina ya wanke shi tas, rairayin ƙarƙashin motar ne ya zama shuɗi. Ya sake kwaɓawa da man gyaɗa. Wannan kuwa ya ƙi bushewa, rairayi da ƙudaje suka manne a jiki, sai da ya kankare. Wani da tuni ya haƙura. Shi kam wajen dukawa ya je, ya ga yadda suke murza kakin zuma a zare don kada ruwa ya ci shi, ya roƙi dunƙule guda. Ya narka kakin a kasko, ya zuba dakakken shuni, ya shafa da zafinsa. Ruwa ya sauka a kai ya gangare. Amma rana tana narka shi, don haka ya kafa 'yar rumfa ta zana a gefen ƙofar. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya murza wurin da wani tsohon zanen Yakura, har ya fara ɗaukar ido.

Gaskiya launin bai zo daidai ba. Ya fi na kamfani duhu, irin na rawanin da ya sha bugu. Masu wucewa suna tsayawa su tambaye shi yaushe za a kai amarya ɗakinta, tunda an gama yi mata kwalliya. Shi dai sai ya ci gaba da murzarsa. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta sake zuwa. Tayoyi suka nutse a rairayi, sauran fentin ya koɗe, kaji suka mai da ƙarƙashin motar wurin ƙwai. Ƙofar nan kaɗai ke sheƙi. In ya ji ƙugin mota daga nesa sai ya bar guga a bakin rijiya ya hauro tudu da sauri, ya tsaya har ta wuce.

Lawali ya dawo wata rana da hantsi, cikin babbar mota, da ma'aikata biyu. Ya yi ƙiba, ya sa kaki. Ya rungumi tsoho, ya tambayi garka, ya tambayi rago. Fannami bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ruga ya ɗora tukunya, ya kaɗa kuka, ya sauko da babban akushi. Da ya fito ya tarar ma'aikatan sun riga sun buɗe gaban motar suna kwance-kwance.

Lawali ya ce, "Kamfani sun ce ba ta gyaruwa, Baba. Moter za mu ɗauka, da fitilu, da abin da ya yi saura na tayoyi."

Fannami ya kama hannunsa ya ja shi ƙarƙashin rumfa. Ya faɗa masa komai: ragon, taɓarya, ƙaro, man gyaɗa, kaki. Ya ce, "Ɗana, ka yafe mini. Iyakar ƙoƙarina ke nan."

Lawali ya shafa ƙofar da yatsa, ya dubi shuɗin da ya kama yatsan, ya goge a wando. Ya yi dariyar nan tasa.

"Haba Baba, ka wahal da kanka. Wa zai tambayi ƙofa? Na bar maka ita, da gangar jikin duka."

"Tuwo ya kusa, ɗana."

"Wallahi sauri muke, ana jiran mu a Gidigir. Sai wani jiƙon, in Allah ya yarda."

Ba mugun yaro ba ne, kuma abin da ya fi ba da haushi ke nan. Da gaske ya yi murnar ganin tsohon, har goro ya cika masa hannu da shi. Maganar tuwo ce kawai ya manta ya taɓa yi, don shi a hanya yake rayuwa, kowane gari yana da baban da ya taɓa ba shi ruwa. Kafin azahar sun ɗora kayansu sun tafi.

Fannami ya koma ya kwashe tuwon, na mutum biyu, ya zuba miya. Ya tsaya a bakin murhu da akushin a hannu, ya ga ya yi nauyin da ba a ci a tsaye. Sai ya fito da shi ƙarƙashin rumfa, inda inuwa take, ya zauna gaban ƙofar. Ragon ya biyo shi ya kwanta a gefe.

Da ya ɗaga kai ya ga wani tsoho a cikin shuɗin, dishi-dishi, zaune da akushi a gabansa, yana duban sa. Ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya miƙa hannu ya shafa kan ragon.

Ya ce, "Ashe gaisawa ka je yi, na dake ka a banza."

Ya tura akushin gaba kaɗan, wajen ƙofar, ya ce, "Bismilla." Ya jira baƙo ya fara, yadda ya kamata mai gida ya yi. Tsohon da ke cikin ƙofa shi ma ya jira, bai sa hannu ba sai da Fannami ya sa.