Turancin Umma a Bakin Ladi

Duk wanda ya ci abinci daga hannun mace shekara huɗu, ya yi barci a cinyarta, kuma ta dalilinta Allah ya kuɓutar da ransa, mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa shi ne ya riƙe sunanta. Wannan haƙƙi ne na mahaifiyata a wuyan Ladi, kuma har yau ba a sauke shi ba.

Wata Laraba ce a tsakiyar zafi, a hutun da na gama aji uku, muna zaune a wani tsohon bene a unguwar Jaradiya da ke Riyad. Ni da Ladi muna kwance a falo bayan azahar, tagogi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki tana ta ruri, kanmu ya yi nauyi ba mu san dalili ba. Umma tana saman bene wajen shanya. Mahaifiyar Ladi ta taso daga aikin asibiti ta zo ɗaukarta, hancinta a toshe da mura, ta wuce kicin da ashana a hannu za ta dafa ruwan gahawa. Ashe robar tukunyar gas ta tsage. Umma na saukowa ta yar da kwandon wanki, ta kwarma ihu da ɗan Turancin da take da shi: "Madam, ai hiya simel!" Ta fisge ashanar, ta saɓa Ladi a kafaɗa, ta ja ni da hannu ɗaya har titi, ba abaya, ba takalmi. Kwalta ta ƙona tafin ƙafarta, sai da ta yi mako biyu tana tafiya da gefen ƙafa. Mu Hausawa da kalma ɗaya muke jin magana, mu ji wari, mu ji zafi. Umma ta ɗauki "ji" na kunne ta kai wa hanci a Turanci. Kuskurenta ke nan a ranar.

Ladi baƙar fata ce 'yar Amurka. Mahaifinta injiniya ne a Birnin Masana'antu na Biyu, mahaifina kuma direbansa. Da iyayen suka rasa inda za su riƙa barin ta da rana, Baba ya ce a kawo ta gidanmu. Umma ce ta laƙaba mata Ladi don ranar Lahadi aka haife ta, kuma da wannan sunan zan kira ta, ba da sunan da ake rubutawa a talabijin ba. Tare muke zuwa wajen mai gashin gurasar tamis da safe, mu dawo muna sauya gurasar daga hannu zuwa hannu saboda zafi. Tare muke tsince shinkafa, mu kwashe shanya kafin rana ta busar da kaya su yi kamar kwali, mu zana ɗakunan 'yar gala-gala da gawayi a gefen tankin ruwa. Ranar Alhamis Umma kan tafi da mu kasuwar Batha neman kuka da daddawa a wajen matan da suka zo da su daga gida. Ladi ta koyi cin tuwo da hannu, kuma tun a lokacin ta iya kwaikwayo. Takan ɗaura ɗankwalin Umma, ta riƙe ƙugu, ta yi muryarta daidai, Umma ta yi dariya har da hawaye tana cewa, "Ja'irar nan, wata rana sai kin sayar da ni."

Kwangilar iyayenta ta ƙare, suka koma ƙasarsu, labari ya yanke. Na girma, na yi karatu, yanzu ina aikin adana bayanan marasa lafiya a nan Riyad. Sai daga baya na bi diddigin rayuwarta. Ta daɗe tana fitowa a ƙananan matsayi, yau mai kawo abinci a shago, gobe mai amsa waya, har aka ba ta gurbi a wani wasan barkwanci na talabijin, irin wanda ake sako dariyar 'yan kallo bayan kowace magana. Nan ta yi suna. Tana fitowa a matsayin wata maƙwabciya 'yar Afirka wadda ba a taɓa faɗin ƙasarta ba, mai ɗaurin ɗankwali, mai tafiya da gefen ƙafa. Duk sanda wani ya yi ƙarya ko ya toye abinci, sai ta leƙo ta buɗe hanci ta ce, "Ai hiya simel!" ɗaki ya ɗauki dariya. Na kalli kowane kashi, na rubuta abin da na gani. Muryar Umma ce, riƙon ƙugunta ne, har ɗingishin makonni biyun nan. Da aka tambaye ta a hira inda ta samo salon, cewa ta yi daga wata 'yar aiki da suka yi a hamada, ta manta sunanta.

Na ɓoye wa Umma. Amma a wani taron suna wata maƙwabciya ta miƙo mata waya a gaban mata tana cewa, "Hajiya, ashe kin shiga fim ba ki gaya mana ba! Yi mana sau ɗaya mana." Mata suka bushe da dariya. Umma ta kalli wayar har wasan ya ƙare, ta mayar, ta ce, "Ladi ce. Ta rame, ko ba ta samun abinci ne?"

Tun daga ranar ban sake jin kalmar Turanci a bakinta ba. Matar da a da take ciniki da Bafilipine da Ba'indiye da harshe uku a cakuɗe ba ta jin nauyin kowa, yanzu a gaban likita takan sunkuyar da kai ta taɓo ni in yi mata bayani, ko da ta fahimci tambayar. Ta daina zuwa taron mata. A da, in Ladi ta kwaikwaye ta, a cikin ɗakinta ne, kuma Umma ce ke fara dariya.

Saboda haka ina neman abu biyu a rubuce. Ina roƙon masu shirya wasan su binciki asalin wannan matsayi, su san cewa mace ce mai rai aka ɗauko. Ina kuma neman Ladi ta koma inda ta ce ta manta, ta faɗi abin da ya faru a Jaradiya, ta ambaci sunan Umma da bakinta. Hajara ne. Umma ta tsufa, ya kamata a hanzarta.