Shekarar da Yaya Ya Daina Amsa Mai Fenti

Yayana ya daɗe yana rubuta allunan shaguna. Duk inda ka ga kawunan samari a jere a ƙofar mai aski, ko bangon da aka gargaɗi masu fitsari da manyan baƙaƙe, to hannunsa ne. Unguwa kaf Mai Fenti take ce masa, sunan kuma bai taɓa yi masa ciwo ba sai bara, da wani baƙo ya tsaya yana kallon kifin da ya zana a ƙofar wani shago, ya ce, "Malam, kai fa kana da baiwa, a bango kake ɓarnatar da ita." Baƙon ya shiga motarsa ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mu ya bari da jinya.

Sati bai zagayo ba Yaya ya sallami masu shaguna, ya kama ɗaki tsakanin tela da mai gyaran waya, ya shafe shi da farin fenti har rufi. Ya sa wani kafinta abokinsa ya ƙera masa firam-firam na katako mai kyau, da ado a gefe kamar ruwan zinariya. Ya bar gemu ya yi tsini. Ya sayi wata hula marar baki da ke kwantawa gefe guda kamar an mare ta. Sannan ya kafa doka: shi mai zane ne, wanda ya sake ce masa Mai Fenti da bango yake magana.

Ranar buɗe shagon dangi muka cika ɗakin, muka sha lemo, muka bi bango muna kallo da fuskar masu dubiya a asibiti. Zanen da ya fi girma baƙi ne da ja, sai wani ɗigon rawaya can a kusurwa. Yaya ya ce sunansa "Kukan Birni". Innarmu ta daɗe a gabansa, ta gyara tabarau, ta juyo.

"To yaushe za ka fara zanen?"

"Inna, ai an gama."

"Allah sarki," in ji ta. "Allah ya ba da sa'a dai."

Masu saye sun zo, amma ba irin waɗanda ya yi mafarki ba. Wani ɗan kwangila ya kawo hotonsa, yana so a rage masa tumbi, a mayar masa da gashin da ya zube, a kuma ajiye masa wata mota a baya wadda bai kai ga saya ba tukuna. Yaya ya yi masa doguwar lacca a kan gaskiya a cikin fasaha. Da ya koma gida matarsa, wadda muke ce wa Anti, ta tuna masa cewa yara ba sa ƙoshi da gaskiyar fasaha, sai ya zana. Da ɗan kwangilar ya zo ɗauka, ya ja da baya, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Wannan ai ƙanena ka zana, kuma ba ma shiri." Hoton yana nan har yau, yana kallon bango.

Ya buɗe shafi a waya yana ɗora zane-zanensa. Masu yabawa ba su wuce ni da Anti ba, sai wani bawan Allah da ke rubuta "gwani na gwanaye" a ƙarƙashin kowane hoto. Daga baya na gane lambar tsohon layin Yaya ce.

In faɗi gaskiya, akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta shigo fakewa ruwan sama, ta ga ɗan ƙaramin zanen keken ɗinkin tela da Yaya ya yi don wanke hannu, ta saya ta rungume, wai irin keken mahaifinta ne. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Yaya bai ko ƙirga shi cikin aikinsa ba.

Sai ga wani mutum mai sanyin murya da takalmi mai sheƙi. Bai tambayi ma'anar komai ba. Ya shafa gefen "Kukan Birni", ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa, ya leƙa bayansa, ya saya ba ko tayi. Bayan ɗan lokaci ya dawo ya ɗauki wasu. Anti ta ce ita fa ba ta taɓa ganin mutumin ya kalli tsakiyar zanen ba.

"Ke me kika sani?" in ji Yaya. "Masana daga gefe suke fara kallo."

Daga nan kan Yaya ya kumbura har hular ta fara yi masa kaɗan. Ya raɗa wa mutumin Mai Ido. Ya daina fara gaida tela. Da rasuwa da biki, duk inda ya zauna sai ya sako zancen Mai Ido, har mutane suka koyi tashi neman ruwa da zarar ya gyara murya.

Wata Asabar madubin ɗakina ya fashe, na roƙi Yaya ya raka ni wani layi a ɗaya gefen gari inda ake sayar da su, Anti ma ta biyo mu. Muna shiga shago na biyu sai ga Mai Ido a bayan kanta, ya taso da fara'a. Bangon shagon kuwa cike yake da firam-firam ɗin Yaya, kowanne da madubi a ciki. Yaya ya nufi mafi girman, wanda a da ya riƙe "Kukan Birni", ya tsaya. Ba abin da ya gani sai gemu mai tsini da hula a karkace.

"Ina zanen?" in ji Yaya.

"Haba, ai ban zubar ba," in ji mutumin. "Kaya mai ƙarko irin wannan? Zo ka gani."

Ya ja mu bayan shago. An ɗaure "Kukan Birni" da waya a kan sanduna, ya zama rumfar janareta, hayaƙi ya cinye ɗigon rawayan.

"Ko ɗigon ruwa ba ya ratsa shi," ya ce, yana bubbuga yadin. "Don Allah wane fenti kake sa wa?"

Na ciji gyalena don kada dariya ta kufce. Anti ba ta yi dariya ba, kuma ba ta ce ai na faɗa maka ba, abin da har yau nake ganin girmanta a kai. Yaya ya cire hular ya cusa a aljihu. Ya yi kwanaki bai buɗe shago ba, sai da tela da kansa ya je dubo shi.

Makon jiya shagon ya cika shekara. Yaya ya tara mu a ɗakin Inna, wai zai yi waiwaye. Hular ta koma mazauninta. Ya ce shekarar ta koya masa abubuwa: garin nan bai waye ba, mutane sun fi son kallon fuskarsu a kan kallon gaskiya, kuma mai zane na ainihi sai bayan ransa ake sanin darajarsa.

"To in sai bayan ranka ne," in ji Anti, "ka nuna mini inda zan riƙa ajiye su, don ƙarƙashin gado ya cika."

"Ku daina yi wa ɗana fatan mutuwa a ɗakina," in ji Inna. "Kai kuma ka aske wannan abin."

Kafintan yanzu kai tsaye yake kai wa mai madubi kaya, har ya ƙara ma'aikata. Yaya kuwa ya yanke shawarar ba zai sake sa firam ba, don duk wanda ya saya a san zanen ya saya. Kwana biyu da yanke shawarar mai madubi ya aiko: yana son manyan zane-zane guda biyu kafin ruwa ya sauka, wani ɗan'uwansa zai rufe kejin kaji. Yaya ya kori ɗan aiken. Washegari ya kira mutumin da kansa, ya ce zai bayar, amma da sharaɗi: fuskar zanen ta kalli titi, kuma kada a ɗaura waya ta kan sa hannunsa.

Mutumin ya amince. Yaya ya sayo sabon yadi, ya ce wannan karon shuɗi zai yi.