Ƙasar da Gara Ke Tsoro

Kawuna Bunyaminu maginin rumbu ne. In ka bi ƙauyukan da ke tsakanin Lolo da iyakar Benin ka ga rumbun ƙasa mai ƙirar tulu, wuyansa a matse, gindinsa baƙi, ba sai ka yi tambaya ba, hannunsa ne. A wajen mahaifinsa ya gaji sana'ar. Mutum ne gajere mai faɗin ƙafa, ba ya son yawan magana sai an taɓo gara. Nan fa za ka ji baki. Ya tsani gara tsanar da ban taɓa ganin ya yi wa ɗan Adam ba, don ita ce mai ɓata masa suna. Ya gina, ta biyo ta ƙarƙashi ta huda, ta shiga dawar mutane, a wayi gari ana cewa aikin Bunyaminu ba ya ƙarko.

Ina yarinya wani kamfani ya zo ya kafa sansani a bayan garinmu, gefen hanyar iyaka. Gumaguman itace suke shigowa da su daga tsallaken iyaka, su tsoma cikin wani baƙin magani mai warin kwalta, su shanya, a kwashe a yi turakun wutar lantarki. Mu dai wari ne rabonmu. Wutar har yau ba ta iso mu ba, turakun kawai muka ga wucewarsu a bayan tirela. Abin da ya ɗiga ya ɗiga a ƙasa, abin da ya rage su juye a rami, damina ta zo ta kai shi inda ta ga dama.

Kawu ne ya fara lura cewa a duk faɗin filin nan babu shurin gara ko ɗaya. Ko ciyawa ba ta fitowa. Da ya ji kamfani zai tashi, sai ya je ya sami babban mai kula da aikin, ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙasag ga in na ɗiba akwai laihi?"

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Ɗebi abinka, Baba, magani ce."

Wannan maganar ce ban yafe ba. Shi da yake sa wa hannunsa safar roba kafin ya taɓa turken da aka tsoma, ya san abin da ke cikin ƙasar sarai. Kalma ɗaya ta isa, amma ya ƙi faɗinta. Suka tattara suka tafi, ko sallama babu.

Daga ranar Kawu ya sami sirrin sana'a. Yakan haɗa baƙar ƙasar da laka, ya kwaɓa da ƙafarsa kamar yadda aka saba, ya ɗora gindin rumbu da ita, ya shafe cikinsa da ita. Gara ta ga ba wurin zamanta ba ne, ƙwaro ma haka. Suna ya tafi. Daga Lafagu ake zuwa ɗaukarsa a babur, har da mutanen tsallake masu jin Dendi, su ajiye shi ya yi musu gini su dawo da shi da kaji. Matarsa Hamsatu ce kaɗai mai ƙorafi, wai tuwon gidanta warin tasha yake yi. Shi kuwa ya ce ai warin arziki ne, wanda gara ta cinye wa hatsi ko warin bai samu ba. Ƙafafunsa suka soma tsagewa, fatar ta yi baƙi tana saɓulewa, gyambo ya ƙi jin magani. Muka ce faso ne na masu aikin laka. Ashe gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago.

Bara waccan ruwan rijiyoyin bayan gari ya soma fitowa da maiƙo a kai, awaki na sunsunawa su juya. Aka yi ta kai kuka har aka ji. Sai ga motoci, ga katafila, ga tifa-tifa, an ba wasu kwangilar gyara filin. Gaskiya ɗaya ce, sun yi wani abin kirki: sun toshe rijiyoyin da suka ɓaci, sun haƙa mana burtsatse can nesa da wurin. Sannan suka kewaye filin da waya suka shiga kwashe ƙasar.

Ina tare da Kawu ranar da ya je kallo. Ma'aikatan sun rufe jikinsu ruf da fararen kaya, takalman roba har gwiwa, takunkumi a hanci. Wanda ya fito sai an wanke masa takalmi kafin ya taka waje. Kawu ya daɗe yana kallonsu, ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa. Sai ya nufi injiniyan aikin, wani saurayi mai ladabi da ake kira Sharfuddeen.

"Ɗana, mi ag ga ƙasag ga da kuka tsoro haka?"

"Guba ce, Baba. Ba ta kisa nan take, a hankali take cin jiki."

"In anka shahe rumbu da ita hwa, anka zuba hatsi?"

Injiniya ya ajiye abin da ke hannunsa. "Wa ya yi haka?"

"Ni na. Tun daga nan har Lahwagu, har ƙetare."

Saurayin ya dubi ƙafafun Kawu, fuskarsa ta sauya. Ya ce lallai a daina zuba abinci a waɗannan rumbunan, a rushe su, kuma kada a bar ɓaraguzan a cikin gida.

Kawu ya ce, "To ga tihwa kun taho da ita. Ku biyo ni in gwada muku su, duk na san inda suke."

"Baba, kwangilarmu iyakarta wayar nan. Abin da ke waje ba a sa mu ba. Amma zan kai maganar gaba."

Na yarda ya kai. Inda aka kai ta ne ta kwanta ba ta tashi ba. Kai ka ji fa! Guba ta shiga rijiya, ta hau babur ta ƙetare iyaka, tana cikin tuwon jarirai, amma wai aikin kawar da ita ya tsaya a bakin waya, kamar ita ma ta karanta takardar kwangila.

Kawu bai jira su ba. Ya ɗaure ƙafafunsa da tsumma ya shiga bin gidajen da ya yi wa gini, yana roƙon mutane su rushe aikinsa. Ban san abin da ya fi wannan ciwo ga mai sana'a ba. Mudassiru na Lafagu, amininsa tun ƙuruciya, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Bunyaminu, shekara nawa muna ci ba mu mutu ba? Ga kaka ta taho. In rushe, in zuba gerona ina, cikin hula?" Ban ga laifinsa ba. Babu wanda ya ce zai gina masa wani, kuma yunwa a fili take, gubar kuwa ba a ganinta.

Sai Kawu ya ce bari ya fara da nasa. Babban rumbun tsakar gidansa, wanda baƙi ke tsayawa kallo, shi ya sa wa gatari. Hamsatu da ta yi shekaru tana zagin warinsa, ita ce ta shige ɗaki tana kuka. Gidaje kaɗan suka bi sahunsa. Ya yi ta loda ɓaraguzai a amalanke, niyyarsa ya kai bakin wayar ya ajiye wa 'yan kwangilar, tunda ƙafarsu ba ta fita waje.

Ko da amalanken farko ya isa, an gama aiki. Katafila ta tafi, tifa ta tafi. An shimfiɗa sabuwar jar ƙasa, an dasa 'yan itatuwan dogonyaro, an kafa allo mai cewa an tsabtace wurin. Kawu ya sauke kayansa a gindin allon, ya koma ya ɗebo saura, har tulin ya kai ƙirjin mutum.

Ba a kwana biyu ba tulin ya soma raguwa. Mata ke zuwa da kwanoni suna ɗiba, don kowa ya san ƙasar Bunyaminu gara ba ta cinta, ga ta kuma a banza. Shi ke nan Kawu ya kafa 'yar rumfa a wurin ya zama mai gadi, ba wanda ya ɗauke shi, ba wata hukuma da ta san yana yi. In wata ta zo ta ce, "Baba, ɗan cikin kwano guda, gara ta hana mu sakat," ba ya faɗa. Tsumman ƙafarsa yake kwancewa ya ce, "Duba nan, ɗiyata, kana ki ɗiba." Mutumin da jam'i ba ya wuce shi, yanzu a gefen tulin yake sallar azahar da la'asar shi kaɗai, yana jiran tifar da har yau ba ta dawo ba.

Ya gina wa Hamsatu wani ɗan rumbu da laka zalla. Jiya na leƙa na tarar gara ta ja hanyarta tun daga gindi, ta huda, ta soma aiki. Na kai masa abinci rumfa ina tunanin yadda zan faɗa masa, don na san yadda yake da gara. Na ce, "Kawu, gara ta shiga sabon rumbu."

Ya wanke hannu, ya jawo kwanon tuwo ya sunsuna, ya gutsura.

"Bar ta ta ci rabonta," ya ce. "Abin da gara ta yarda ta ci, shi zan ba jikokina."