Gonar da Ya Fanna ta ba ni a Droum

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya Fanna ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye bakin ƙofar kilas da alli a hannu. Jikarta ce ta kira ni a salula. Ta ce Kaka ta yi sallar asuba, ta ce a ɗora mata ruwan shayi, kafin ruwan ya tafasa ta cika. Ban san lokacin da na zauna a dakali ba. Yara suka zuba mini ido.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Ya Fanna tsohuwa ce mai gyaran jiki a cikin Birni. Dilka, halawa, lalle, turaren wuta, duk aikinta ne, a wurin kakarta Babarbariya ta gaje shi. Amaren Damagaram da yawa ta hannunta suka bi.

Ni dai ba amarci ya kai ni wurinta ba. Abin da ya kai ni na daɗe ina ɓoyonsa, yau kuwa zan faɗa, kowa ya ji.

Ina da gashi a haɓa.

Eh, ni ɗin nan Madam Balki da kuka sani. Ba ɗan tsilli-tsillin da mace za ta cire ta manta ba, gashi ne baƙi mai kauri. Bayan haihuwata ta biyu ya fara fitowa. Na sa reza, wurin ya feso da ƙuraje, ya yi baƙi. Na koma hantsaki, ina tsigewa ina hawaye, kafin sati ya zagayo ya dawo da 'yan'uwansa. Sai wata mai yawo da kayan shafa a jaka ta sayar mini da wani mai, ta ce yana cinye gashi har saiwa. Rubutun jikinsa ba Faransanci ba ne, ba Larabci ba, ban san yaren ba. Ta ce in shafa in bar shi har sai na ji yana cizo, wai alamar aiki ke nan.

Ya yi cizon kuwa. Da na wanke, da fatar ya tafi.

Ku da kuke koyarwa kun san yara ba su da rufi. Abin da ke fuskarka shi za su kalla, ba allo ba. Na dinga jan hijabi har leɓe, cikin zafin bazarar garin nan, gumi yana shiga ciwon yana ci. Muryata ma ba ta fita sosai. Wallahi a lokacin na gama yanke shawara zan ajiye alli in zauna gida, ga shi duk duniya ba aikin da nake so kamar koyarwa.

Ana cikin haka aka sa bikin ƙanwata, aka ce ni zan raka ta gidan mai dilka. Tsakar gida cike da 'yan mata, ana ta surutu. Tsohuwar nan ta dube ni sau ɗaya, ta ce, "Madam, zo ki kama mini tukunya a ɗaki."

Babu wata tukunya a ɗakin. Ta saki labule, ta ce, "Sauke, ɗiyata."

Na sauke hijabin. Na jira salati, ko tsaki, ko a tambaye ni garin yaya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta juya fuskata wajen taga, ta duba, ta ce, "Wannan ƙuna ce, ba aikina ba ne. Gobe ki je ki ga likita, ki tafi masa da man ya gani. Ki ce ya duba har dalilin gashin, kada ki ji kunyarsa, ya ga abin da ya fi wannan. In ta warke ki dawo mu yi noma."

Na ce, "Noma kuma, Ya Fanna?"

Ta ce, "To mene ne? Ciyawa ce ta fito inda ba a shuka ta ba. Na yi zaman aure a ƙauyen Droum, na riƙe hauya har hannuna ya yi kanta. Ban taɓa ganin wanda ya cinna wa gonarsa wuta don ciyawa ba sai ke."

Ranar na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, ciwon yana ja ina yi.

Na je likita, aka ba ni magani, aka yi gwaje-gwaje, aka ce abu ne na cikin jiki, ana rage shi amma ba lallai ya tafi duka ba. Da na koma wurinta ta ƙi taɓa ni. Ta ce fatar ba ta gama nuna ba. Na sake komawa, ta sake korata. Haushi ya kama ni, na ce ko dai ba za ta yi ba ne ta faɗa mini. Ta ce, "Ji Madam da faɗa. Ni 'yar kilas ɗinki ce?" Ta cika mini kwalba da man kaɗe ta ce in tafi.

Sai da wurin ya warke sarai ta yi mini halawa, wato dafaffen sukarin da ake manna wa fata a fizge gashi. Ko a ranar ma ba a haɓa ta fara ba. Ta manna ɗan kaɗan a cikin hannuna ta fizge, ta ce in je in kwana in dawo ta ga wurin. Haka take yi wa kowa, da dilka da komai. Iyayen amare suna ta mita wai tana ɓata musu lokaci. Ita ko a jikinta.

Wanda bai taɓa ganin Ya Fanna tana dafa halawa ba ya yi asarar kallo. Sukari, ruwa, lemun tsami, shi ke nan. Wutar gawayi ƙasa-ƙasa, tana zaune a kan 'yar kujerarta tana juyawa har ta yi kalar zuma. Sai ta ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, ta murza da yatsa, ta kai baki. Kullum sai ta ɗanɗana. Ta kan ce, "Ni abin da zan ɗora a fuskar 'yar mutane sai na iya sa shi a bakina." Jikokinta kuwa suna gefe suna jiran ƙanzon tukunya, don a wurinsu alewa ce.

Man kanti da mata suke kawo mata ta duba, tunda ba ya lasuwa, ni take ajiye wa. "Karanta mini, Madam, ai ba a banza kika je lakol kika yi boko ba." In karanta mata abin da aka haɗa, da ranar lalacewarsa, da ko na fuska ne ko na ƙafa. Wanda ba mu gane ba ta ce mai shi ta kai farmasi ta tambaya. Wanda kuwa ba a rubuta komai a jikinsa ba, sai ta tura shi gefe da bayan hannu, ta ce wanda ya haɗa shi ma kunyar sa sunansa yake ji.

Mace in tana shafa man ƙara haske, ba ta yi mata halawa, ko 'yar wace ce. Ta ce fatar ta riga ta yi laushi da yawa, in ta fizge da ita za ta taho. Na ga wata hajiya ta fita tana zage-zage a kan haka. Ya Fanna ta bi ta da kwalbar man kaɗe har zaure.

To, maganar gonar.

Tunda ba na son kowa ya sani, ita ta ƙirƙiro mana yadda za mu yi magana. In lokaci ya yi sai ta kira ni, ko ina tsakiyar mutane, ta ce, "Madam, gonarki ta Droum ta yi ciyawa, yaushe za a yi maimai?" Waɗanda ba su tashi a karkara ba, maimai shi ne noma na biyu, wanda ake komawa a yi bayan ciyawa ta sake fitowa. Ni kuma in ce, "Asabar in sha Allah, a gyara hauya."

Maigida ya sani tun farko, Allah ya saka masa. In zan fita sai ya ce a gaida manoma. Amma sauran mutane suka ɗauka da gaske. Magana ta bazu cewa Balki ta mallaki gona a Droum. Da kaka ta yi surukata ta aiko mini da buhu, wai a sam mata abin da aka samu. Na rasa yadda zan yi, na kai wa Ya Fanna ƙara. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta shiga ɗaki ta auno wake cikin wanda dangin mijinta suke aiko mata, ta zuba a buhun. Ta ce, "Kai mata. Ba mu yi ƙarya ba, daga Droum ya fito."

Daga shekarar nan, duk kaka sai ta ware wa surukata wake.

A lakol ɗinmu kuwa akwai Madam Zara, wadda muke koyarwa tare. Ita ta sa mini suna Manomiya. Duk Litinin sai ta dube ni ta ce, "Manomiya, an yi maimai ke nan, na ga kin yi fes. Ina geronmu?" Har ga Allah abin yana ba ni haushi. Nakan ce a raina matar nan ta cika sa ido.

Haka muka yi shekaru. Na sauke hijabina ya koma inda kowa take sa nata. Ban ajiye alli ba. Yaran da na koyar a shekarar ƙunar nan, wasu yanzu 'ya'yansu ne a gabana.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bakans ɗin da ya wuce ne, wato hutun makaranta. Na tarar ta rame. Ta tura mini murhu da ƙafa ta ce yau ni zan dafa. Na ce, "Haba Ya Fanna, ni da ko shayi sai na ƙona?" Ta ce in zauna.

Ta farko ta ƙone ƙurmus, gida ya gume da ƙauri. Ta biyu ta yi ruwa, ta kama mini yatsu ta ƙi saki. Tana gefe tana yi mini tsiya, wai da a kilas ne da ta sa ni durƙuso. Da na sake yi, na ɗiga a ruwa, na murza, sai ta ce, "Kai baki." Na kai. Ta miƙo hannu ita ma ta ɗanɗana.

"Lemo ya so ya yi yawa," ta ce, "amma za ta yi noma."

Ta riƙe mini madubi, na yi wa kaina da hannuna. Da zan tafi ta ce, "Gonarki ce, Madam. Ni ƙwadago nake yi miki, 'yar ƙwadagon kuma ta tsufa." Na ce ta daina irin wannan magana, wata mai zuwa ina nan tafe. Ta ce to, Allah ya kai mu. Ragowar halawar tana nan cikin firigona a gwangwanin madara.

Bayan an kai ta ɗazu, na zauna cikin mata a tsakar gidanta. Gida ya cika har waje. Na ga amarenta, waɗannan ban yi mamaki ba. Amma akwai wasu mata da ban san me ya haɗa su da ita ba, manya, masu aikin ofis, matan 'yan kasuwa, kowace ta yi jugum ita kaɗai.

Sai ga Madam Zara ta shigo, idonta jawur. Ta zauna kusa da ni. Na ce, "Ashe kin san ta?"

Ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Manomiya," ta ce, "tawa gonar a Tirmini take."

Na juya na dubi haɓarta. Shekara da shekaru muna zaune benci ɗaya, ban taɓa lura ba. Na ce, "Kin sani duk tsawon lokacin nan?"

Ta ce, "Ba ita ta faɗa mini ba, kin san ba za ta yi ba. Ke ce. Wa ya taɓa yin maimai da rani, Balki?"

Wata dattijuwa da ke bayanmu, ashe tana ji. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ni Gaffati ta ba ni."

Nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini. Duk shekarun nan ina tsammanin ni kaɗai ce a garin nan. Ashe ta rarraba mana ƙauyuka, kowace da nata, don kada maganar wata ta ci karo da ta wata. Ta tafi da sunayenmu duka, ba ta faɗa wa kowa ba.

Shi ya sa na rubuta wannan da sunana. In akwai wadda take jan hijabi har leɓe yanzu haka, 'yar'uwa, kada ki sayi man da ba ki san abin da ke ciki ba. Ki fara ganin likita. In fatarki lafiya take, gidana ba ɓoyayye ba ne, na iya dafawa. Lemo yakan so ya yi yawa, amma tana noma.

Ya Allah, baiwarka Fanna ta rufa mana asiri a duniya, ka rufa mata nata a inda ta je. Ka yafe mata kurakuranta, ka sanyaya makwancinta, ka haskaka fuskarta ranar da za a tashe mu. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya sa ta a addu'arsa ta yau. Ku kuma 'yan'uwana masu gona, ba sai kun faɗi ƙauyen ba. Ku ce amin kawai, za mu gane juna.